Mutum na Takwas a Asusun Lafiyar Normand

Ovila Lanteigne ya daɗe da sanin halin maigidansa, shi ya sa ranar da Normand Haché ya ce zai ba ma'aikata wani abu kyauta, gabansa ya faɗi. Normand mutum ne da ke bin bayan ma'aikata yana tsince samfefar goge katako da suka yar, ya duba ko da sauran kaifi a gefenta. Lokacin sanyi kuwa, sai yatsu sun fara ƙagewa yake yarda a ƙara wutar ɗumama rumfa. A rumfar nan ta bakin gaɓa kusa da Shippagan suke ƙera jiragen masu kamun ƙaguwa, su bakwai, kuma duk cikinsu Ovila ya fi daɗewa.

Lokacin shan kofin hantsi ne Normand ya shigo da wata mata mai tsaftataccen takalmi, tana taka ƙurar faibar da suke ƙera jiragen da ita a hankali. Ya ce sunanta Murielle Sonier, daga Moncton ta zo, daga wani kamfani da ke riƙe wa ƙananan masana'antu asusun lafiya. Sauran abin da ya faɗa Ovila bai kama ba.

Dama kwanakin nan ba ya kama maganar Normand. Kunnensa na hagu ya mutu tuntuni, na dama ma ya kama hanya. Injin gurza ne ya cinye su sannu a hankali. Bai taɓa gaya wa kowa a wurin aiki ba. Ya koyi kallon leɓen mutum ya tsinci magana, inda ta kuɓuce masa ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne." To tun bazara sai Normand ya tara gashin baki mai kauri har ya rufe leɓensa na sama, ya kuma koma magana baki a tsuke, kai a sunkuye. Ovila ya ɗauka da gangan ne, gwada shi ake yi.

Ita Murielle bakinta a buɗe take magana, don haka ya samu komai. Ta ce kamfani zai ware wa kowane ma'aikaci dala dubu biyu a shekara. Ba a hannu za a ba mutum ba. In ka je wurin likitan haƙori, ko ka yi tabarau, ko ka sayi maganin da gwamnati ba ta biya, ko na'urar kunne, sai ka aiko da rasit, su mayar maka da kuɗinka daga asusun, ba haraji a kai.

Réjeanne Mallet mai fenti, wadda ba ta barin magana ta wuce ta, ta ajiye kofinta. "Me ya sa dubu biyu? Ba dubu uku ba, ba dubu ɗaya ba?"

"Shi ne mafi ƙarancin abin da za mu karɓa a tsarin da maigidanku ya zaɓa," in ji Murielle. "Ƙasa da haka ba ma buɗe asusun."

Yvon Paulin ya buga cinya. "Yawwa! Yanzu na gane maigidana. Har na fara tsoron ko an sauya mana shi a hanya."

Aka yi dariya, ban da Normand, ban da Ovila. Ovila ya ɗaga hannu ya tambaya wa ke ganin rasitan.

"Mu kaɗai. Shi maigidanku jimillar abin da aka cire kawai yake gani, ba suna, ba ciwo."

Ovila ya gyaɗa kai, amma a ransa ya ce jimilla ma ai ta isa. A rumfar da kowa ya san abin da kowa ya ci da safe, in kuɗi mai kauri ya fita daga asusu, ba sai an kira boka ba.

Murielle ta rarraba takardun sa hannu. "Sai kowa ya shiga kafin mu buɗe, ku takwas ɗin duka."

Réjeanne ta bi fuskoki da yatsa. "Mu bakwai ne fa."

Matar ta ɗan dubi Normand. Normand ya dubi agogon bango, ya tafa hannu alamar a koma aiki.

Da rana, suna cikin wani jirgi da ba a gama ba, Ovila ya tara sauran ya tuna musu da Aurèle. Aurèle ya yi wa Normand aiki har bayansa ya lalace. Da aka yi masa aikin tiyata ya dawo yana ɗingishi, ba a daɗe ba aka ce aiki ya yi ƙasa, ya je gida ya jira kira. Har yau yana jiran kiran.

"Wannan takarda ba kyauta ba ce," in ji Ovila. "Awo ne. So yake ya san wa ya fara lalacewa a cikinmu. Kuma ku tambayi kanku, wane ne na takwas?"

"Wataƙila budurwa ya yi," in ji Yvon. "Ba ku ga gashin baki ba?"

"Wace mace za ta bi Normand? Shayi ma sai ya nemi su raba kuɗi," in ji Réjeanne. Amma fuskarta ba ta yi dariya ba. Ɗiyarta na bukatar gyaran haƙori, kuɗin kuma ya tsaya mata a rai. Duk da haka ta ninke takardarta ta cusa a aljihu. Suka yi shawara ba wanda zai sa hannu sai an gaya musu gaskiya.

A gida Gilberte, matarsa, ta zuba masa fricot, romon kaza da dankali, ta zauna daidai gabansa yadda ta saba don ya ga bakinta. Da ya gama ba ta labari sai ta ajiye cokali.

"Wato an zo har wurin aiki za a saya maka kunne, kai kuma ka haɗa gangami a ƙi."

"Ba ki san Normand ba."

"Na san Normand tun yana tallan kifi a keke. Kai ne na kasa sani. Jikarka ta kira ka a waya ranar Lahadi, ta gaya maka karenta ya mutu, ka ce mata madalla."

Ovila ya sunkuyar da kai cikin kwano. Bai san haka aka yi ba.

"Ta yi kuka, Ovila."

"In ya kore ni, ke za ki ciyar da mu da aikin ɓare ƙaguwa na wata uku?"

Ta tashi ta kwashe kwanuka. Wannan shirun ya ji shi sarai.

Kwanaki suka shuɗe ba wanda ya mayar da takarda. Sai Normand ya fara wasu abubuwa da ba a san shi da su ba. Ya ƙara wutar ɗumama tun ba a roƙa ba. Wata safiya ya zo da kwalin donat ya ajiye a tebur, shi bai ci ko ɗaya ba, ya tsaya yana kallon suna ci. Yvon ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya ce a bari Réjeanne ta fara, in ba ta faɗi ba sai su bi. Normand ya bi su ɗaya bayan ɗaya a keɓe yana tambayar takarda. Da ya zo kan Ovila ya yi ta gunguni cikin gashin baki, Ovila ya ce, "Haka ne," Normand ya tsaya yana kallonsa wani iri, ya juya ya tafi.

Abin da ya fi tsaya wa Ovila a rai shi ne Alhamis. Duk Alhamis bayan cin abincin rana Normand yakan cire rigar aiki, ya sa mai tsabta, ya hau a-kori-kurarsa ya nufi hanyar Bathurst. Mutumin da ko jana'iza ba ya barin rumfa sai an kusa rufe akwati. Ovila ya haɗa wannan da wancan ya samu amsarsa: sayar da rumfar za a yi. Mai saye yana son sanin ko ma'aikata lafiyayyu ne, kuma na takwas ɗin yaron mai sayen ne da za a kawo ya zauna musu a kai. Ya gaya wa Réjeanne, Réjeanne ta gaya wa mijinta, kafin mako ya fita har a kantin mai ana tambayar Yvon ko gaskiya ne mutanen Halifax sun saye su.

Alhamis ta gaba Ovila ya ce cikinsa na ciwo, ya tafi gida ya ɗauki ƙaramar motar Gilberte, wadda Normand ba zai gane ba da sauri. Ya jira a bayan wani coci har a-kori-kurar ta wuce, ya bi ta daga nesa. Dusar ƙanƙara ta farkon sanyi tana sauka kaɗan-kaɗan. Duk tsawon hanyar yana shirya abin da zai faɗa in ya kama su da takardun ciniki a gaba.

A Bathurst Normand ya tsaya gaban wani bene mai ofisoshi da yawa. A jikin allon ƙofa akwai lauya, akwai dillalin gidaje da filaye, akwai wasu. Ovila ya ga kalmar lauya, zuciyarsa ta ce shi ke nan. Ya zauna a mota ya jira, ya jira, har ƙafafunsa suka yi sanyi. Da ya gaji ya shiga ya hau bene. Ofishin lauyan a rufe yake, da sanarwar hutu a ƙofa. Ƙofa ɗaya ce kawai ke da haske a ƙarshen baranda. Ya tura.

Warin asibiti ya buge shi. Wata mata a bayan kanta ta ɗago ta yi murmushi.

"Kai ne ka zo ɗaukar Normand Haché? Madalla. Ya yi ta ce mana wai zai zauna a mota har maganin ya sake shi, mu kuwa ba ma barin mutum ya tafi shi kaɗai bayan irin wannan aiki."

Kafin Ovila ya buɗe baki aka fito da Normand, wata ma'aikaciya riƙe da hannunsa. Kumatunsa sun kumbura, bakinsa cike da auduga mai jini, idanunsa sun yi laushi kamar na jariri. Ya dubi Ovila ya daɗe, sannan ya ɗaga yatsa ya nuna shi, ya yi wani sauti. Ko mai kunne biyu ba zai gane ba.

"Sauran haƙoran da suka lalace muka cire yau," in ji ma'aikaciyar. "Kar ya sha abu mai zafi, kar ya yi tuƙi sai gobe."

Haka Ovila ya tsinci kansa yana ɗaura wa maigidansa bel a motar Gilberte.

Sun fita gari Normand ya fara magana. Ovila yana ganin motsin haɓarsa ta gefen ido, amma ba ya iya barin hanya ya kalle shi, kuma ko ya kalla auduga ce da gashin baki. Yana ta cewa, "Haka ne, haka ne." Can sai Normand ya daki gaban mota da tafin hannu, ya yi masa alama ya tsaya. Ovila ya sauka gefen titi kusa da wani wurin sayar da itacen wuta. Normand ya zare audugar, ya kamo kafaɗarsa ya juyo da shi, ya kai baki kusa da kunnen dama ya ɗaga murya.

"Na ce uban me ka zo yi a Bathurst!"

"Cikina ke ciwo."

"A ofishin likitan haƙori?"

Ovila ya ga ba mafita. "Na ɗauka sayar da mu za ka yi."

Normand ya yi wata dariya da ta sa shi riƙe kumatu. Ya ɗage gashin bakinsa da yatsa ya nuna. Sama babu komai sai dasashi, ƙasa 'yan tsiraru.

"Ga abin da nake sayarwa. Shekara biyu ban tauna nama ba. Dashen haƙora za a yi mini, sama da ƙasa, dala dubu ashirin. Akanta mai yi mini lissafi ta ce in na cira daga kamfani don bakina ni kaɗai, masu haraji za su cinye ni. Amma in asusun lafiya ne na duk ma'aikata, ni ma ai ma'aikaci ne, albashi nake ɗauka."

"Kai ne na takwas."

"Da wa kake zato? Fafaroma?"

Maganin bai gama sakinsa ba, don haka bakinsa ya ci gaba da zuba abin da da hankalinsa ba zai faɗa ba. Ya ce rukuni biyu aka yi, shi kaɗai a na sama, su a na ƙasa. Kamfanin Murielle kuma yana da ƙa'ida: na sama ba zai wuce ninki goma na na ƙasa ba. In yana son dubu ashirin, dole kowannensu ya samu dubu biyu.

"Na roƙe ta ta bar ku a ɗari biyar. Na roƙe ta kamar zan durƙusa. Matar nan dutse ce."

Ovila ya kalli tulin itace. Ya ji wani sauƙi, ya kuma ji haushi, bai san wanne ya fi ba.

"To rasitan fa? In mutum ya sayi wani abu mai tsada, ka gane ko wane ne?"

"Kamar me? Na'urar kunne?" Normand ya goge jini a haɓa. "Ovila, kowa ya san kurma ne kai. Kowa. Yvon yakan tsaya a bayanka ya rera waƙa da sunanka. Ranar nan na tambaye ka ko ka fi son in kore ka ko in rage maka albashi, ka ce mini haka ne."

Kunya ta rufe Ovila tun daga wuya har goshi. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Da zan kore ka don kunne, da na yi tuntuni. Ba da kunne kake shafa faiba ba."

"Aurèle fa?"

Normand ya kau da kai. "Aurèle ba ya iya ɗaga komai. Wannan daban."

"A wurinka daban."

Sannan wani abu ya faɗo wa Ovila.

"Dubu biyu sau bakwai, kuɗi ne fa. Daga ina za su fito? Goron Kirsimetinmu na nan?"

Normand ya mayar da audugar baki, ya jingina kai da gilashi, ya rufe ido. Har suka isa Shippagan bai sake buɗewa ba, amma Ovila ya lura numfashinsa ba na mai barci ba ne.

Ya kwana yana juya abin. Gilberte ta ce sirrin bakin mutum ba nasa ba ne da zai kai kasuwa. Ya yarda da ita rabi. Da safe ya ja Réjeanne bayan rumfa ya ce mata maganar sayarwa ƙarya ce, shi ya ƙirƙiro ta da kansa, kuma ya ji kunya. Bai ambaci haƙori ba. Ya ce mata dai Normand ne na takwas, yana bukatar asusun fiye da su, kuma da alama goron Kirsimeti zai biya da shi.

"Wato da kuɗinmu zai yi mana kyauta," in ji Réjeanne. Ta cire safar hannu ta nufi ofis, sauran suka bi ta, Ovila a ƙarshe.

Normand na zaune da ƙunshin ƙanƙara a kumatu. Ya dubi Ovila, Ovila ya girgiza kai kaɗan, alamar bai faɗi wancan ba. Réjeanne ta ce za su sa hannu yau ɗin nan in goron Kirsimeti na nan yadda yake. Normand ya ce ba zai yiwu ba, ya rubuta a takarda don bakinsa ba ya buɗuwa, ya ɗaga musu. Ta ce to a bar asusun. Ya rubuta rabi. Ta ce kashi uku cikin huɗu, kuma a rubuta cewa shekara mai zuwa ba za a rufe asusun ba don shi ya gama da bukatarsa. Wannan ta ƙarshen ce ta fi yi masa ciwo, ya daɗe yana juya biro. Yvon ya leƙo ta kafaɗarta ya ce, "Maigida, wa ya mare ka haka? Faɗa mana mu je mu gode masa."

Aka tsaya a rabin goro da alkawarin shekara biyu. Suka sa hannu a kan teburinsa, Ovila ya karanta tasa har ƙasa kafin ya sa.

Bayan sabuwar shekara Ovila ya je Bathurst aka auna kunnuwansa. Kuɗin asusun bai kai na kunne biyu ba, sai ya yi na dama, Gilberte ta cika ɗan abin da ya rage daga ajiyarta. Kafin ya aika rasit sai da ya kira Murielle ya sake tambayarta wa zai gani. Ta ce amsar ba ta sauya ba. Ya ce ya ji, amma ta aiko masa a rubuce.

Ranar da ya fara zuwa aiki da na'urar bai gaya wa kowa ba, ya ja hula ya rufe ta. Rumfar ta cika masa kai da ƙara: ƙugin injin ɗumama, ɗigar ruwa daga rufi, takun kowa. Yana durƙushe yana auna katako sai ya ji murya a bayansa, siririya, ana rera waƙa. Yvon ne, yana waƙar wani tsoho Ovila da jirgi ya busa wa ƙaho ya ce haka ne. Waƙar har da amshi, kuma mutum biyu suna amsawa.

Ovila ya bari aka kai baiti na uku. Sannan, ba tare da ya juya ba, ya ce, "Yvon, muryarka ba daɗi. Shekara nawa kana wannan abin ba wanda ya gaya maka?"

Guduma ta faɗi daga hannun wani. Réjeanne ta yi dariya har ta zauna a kan bokitin fenti.

Da yamma ya tsaya a mota kafin ya tayar, ya kira jikarsa. Ya ce mata ya ji labarin karenta, ya yi mata ta'aziyya, ko da yake an daɗe. Ta ce ai sun samo wani, ɗan ƙarami, baƙi. Ya tambaye ta sunansa, ta faɗa, ya ji tun a karon farko.